DAREN MALAGA: INA IYAKAR NISHAƊI, KUMA WA KE BIYAN KUƊINSA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya raba dare da rana, Ya ba kowannensu aikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani matashi ya yi mini bayan mun tashi daga karatun magariba. Ya nuna mini hotuna a cikin salularsa, na wani birni a bakin teku: tituna fes, fitilu kamar rana, mutane cike da hanya da tsakar dare, kowa na dariya. Ya ce: "Allah shi gafarta Malam, wannan Malaga ce ta ƙasar Ispaniya. Mutanen nan suna kwana rawa, ga shi kuma sun fi mu arziki da tsari da lafiya. Mu ana ce mana mu kwanta bayan lisha. To wa ya fahimci rayuwa, mu ko su?"

Ban yi masa tsawa ba, domin tambayar tana da nauyi, kuma na san da yawa na riƙe da ita a zuci ba su furta ba. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, shi ne kuma ya ce dare rigar mugu. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya rage mu gane shi ne yaushe dare ke zama wannan, yaushe yake zama wancan.

BIRNIN DA DARENSA

Malaga na kudancin Ispaniya, a jihar Andalus, a gaɓar Bahar Rum. Mazaunanta sun kusa 600,000, amma filin jirgin samanta ya ga fasinjoji sama da miliyan 22 a shekarar 2023. Yankin da take ciki ana kiransa Kosta del Sol, wato Gaɓar Rana, kuma tun shekarun 1950 da 1960 ya fara zama matattarar ƴan yawon buɗe ido daga Ingila da Jamus da sauran ƙasashen arewacin Turai masu gudun sanyi.

Wajibi ne mu san cewa agogonsu ba ya tafiya daidai da ranarsu. A shekarar 1940 gwamnatin Faranko ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, kuma da bazara ana ƙara wata awar. Saboda haka Malaga, wadda take yamma da Yamai, agogonta da bazara yana gaban na Yamai da awa ɗaya. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa can sai bayan ƙarfe 9 da rabi. Wanda ya ji an ce suna cin abincin dare ƙarfe 10, kada ya yi saurin hukunci, domin a wurinsu lokacin bai jima da magariba ba.

Daren nasu kuwa kashi-kashi ne. Kashin farko na iyali ne. Idan zafi ya sauka sai ka ga kaka da jika da ma'aurata suna tattaki a titin Lariyos, wanda aka buɗe a 1891, ko a bakin tashar jiragen ruwa inda aka gyara wurin shan iska a 2011. A unguwannin masunta na Pedaragaleho da El Palo ana tsire ƙananan kifaye a jikin tsinke, a gasa su a wutar itace da aka hura cikin tsohon kwalekwale cike da rairayi, kamar yadda mai tsire ke kafa tukubarsa. Akwai gidajen shayi, akwai gidan wasan kwaikwayo na Sarbantes da ke aiki tun 1870, akwai bikin finafinai da ake yi kowace shekara tun 1998, akwai gidan adana zane-zanen Pikaso, ɗan garin da aka haifa a 1881, wanda aka buɗe a 2003.

Kashi na biyu yana farawa bayan tsakar dare, lokacin da iyalai suka koma gida. Mashayu na cika a ƙananan titunan tsohon gari, daga nan a zarce gidajen rawa, waɗanda doka ta yarje musu su kai ƙarfe 6 na safe, a ƙarshen mako kuma ƙarfe 7. Sa'an nan akwai darare na musamman: daren 23 ga Yuni da ake kunna wuta a bakin teku, da babban bikin Agusta da suke kira Feriya, wanda ke ɗaukar mako guda da ɗoriya, da rana a tsakiyar gari, da dare a wani babban fili a bayan gari, da kiɗa da dawakai da wasan wuta da giya mai zaƙi da aka san garin da ita.

SHIN NISHAƊI LAIFI NE?

Akwai masu ganin cewa mumini na ƙwarai ba ya dariya, kuma duk abin da ya faranta rai akwai shubuha cikinsa. Wannan ra'ayi ba shi da tushe. Ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsaya Uwar Muminai A'isha tana kallo har ta gaji don kanta. Ya tabbata kuma cewa Salmanul Farisi ya hana ɗan'uwansa Abud Darda'i ya raya dare duka da salla, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Sahabi Hanzala ya ji tsoron munafunci don yana wasa da iyalinsa bayan ya bar majalisin wa'azi, aka kwantar masa da hankali cewa kowane hali yana da sa'arsa.

Ashe ke nan tsohuwar da ke shan iska da jikokinta a bakin tekun Malaga, da masuncin da ke gasa kifinsa, da abokan da ke hira a gidan shayi, babu abin zargi a kansu ta wannan fuska. Har ma akwai abin koyi: hukumar da ta tanadi fili mai haske da tsaro inda talaka zai zauna da iyalinsa ba tare da ya biya ko dala ba, ta yi wa jama'arta adalci. Mutum ba jaki ba ne da za a ɗora masa kaya daga asuba zuwa dare, a ce ba shi da rabo cikin walwala.

Giya da zina da caca kuwa hukuncinsu a bayyane yake ga Musulmi, a Malaga ko a wani wuri, da dare ko da rana, kuma ba su ne wurin da tambayar ta yi wuya ba. Wurin wuyar shi ne abin da ke tsakani: hira, kallo, yawo, kiɗa, dariya. Yaushe halal ɗin nan ke juyewa ya zama asara?

MA'AUNIN WANI MALAMIN ANDALUS

Amsa mafi kyau da na sani ta fito ne daga ƙasar da muke magana a kanta. Imam Abu Ishaƙ Shaɗibi, malamin mazhabar Malikiyya, ya rayu a Garnaɗa, maƙwabciyar Malaga, ya rasu a 1388. A cikin littafinsa Al-Muwafaƙat ya bambanta hukuncin abu idan an dube shi sau ɗaya da hukuncinsa idan an dube shi gaba ɗaya. Abu kan zama halal a yi shi yau, amma idan ya zama shi ne sana'ar mutum kullum sai hukuncinsa ya sauya. Daga cikin misalan da ya kawo har da yawon shan iska a lambuna da wasannin da ba su da laifi.

Dalilin wannan a fili yake ga mai tunani. Hutu ba ya da ma'ana sai da aiki, kamar yadda buɗa-baki ba ya da daɗi sai ga wanda ya wuni da azumi. Wanda ya yi noma ya zauna hira, hirar ta mayar masa da ƙarfin da ya kashe. Wanda ya mai da hira noma, ba shi da abin da zai huta daga gare shi, sai ya shiga neman abin da ya fi na jiya zafi don ya ji abin da ya ji jiya. Wannan ne sirrin da ya sa dare a irin waɗannan wurare yake hawa mataki-mataki: daga abinci zuwa mashaya, daga mashaya zuwa gidan rawa, daga nan zuwa abin da ba a faɗa. Kiɗan sai an ƙara masa ƙara, kofin sai an sake cika shi, domin zuciyar da ake son cikawa ƙoƙon ta ɓule.

Malaman usulu, da Shaɗibi a cikinsu, sun ce shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. To ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya ɗauka ya auna darensa. Idan gari ya waye, duba waɗannan biyar ɗin. Ka samu sallar asuba? Jikinka ya ƙaru ko ya ragu? Kana tuna abin da ka faɗa da abin da ka aikata? Za ka iya ba matarka ko mahaifiyarka labarin inda ka je? Kuɗin da ka kashe naka ne, ko na cefanen gida ne? Nishaɗin da ya mai da kai ga safiyarka da waɗannan cikakku, hutu ne. Wanda ya mai da kai da gibi a cikinsu, bashi ne ka ci daga gobenka.

Ya zo a hadisi cewa Annabi (S.A.W.) ba ya son barci kafin lisha, ba ya son hira bayanta. Malamai sun bayyana cewa dalilin shi ne tsoron kada hira ta cinye ƙiyamul laili da asuba, shi ya sa suka yarda da hirar ilimi, da ta baƙo, da ta miji da matarsa. Babu wanda ya ce dare kansa ƙazanta ne. Abin da ake karewa ita ce safiya. A Malaga, da bazara, lokacin da gidan rawa ke sallamar mutanensa alfijir ya riga ya keto.

WA KE BIYA?

Mai kare wannan rayuwa zai ce: "Ni baligi ne, kuɗina ne, jikina ne, ban cuci kowa ba." Wannan hujja ce da ake ji da ita a Turai, kuma ya kamata a amsa ta da gaskiya. Amsar kuwa mutanen Malaga da kansu sun bayar da ita, ba tare da wani liman ya yi musu huɗuba ba.

Na farko mai biya shi ne maƙwabci. A saman kowace mashaya ta tsohon gari akwai ɗakin da wani ke son ya yi barci, tsoho ko majinyaci ko ma'aikacin da zai fita da sassafe. Shekara da shekaru mazauna tsakiyar gari suna kai ƙara kan hayaniya. A 2006 jihar Andalus ta kafa dokar taƙaita taruwar shan giya a kan titi. A 2023 ma'aikatar magajin garin Malaga ta tsananta doka kan masu yawo a titi tsirara ko da kamfai kawai ko da shigar batsa, da tarar da ta kai Yuro 750, wato sama da jika 490 na kuɗin CFA. Ku duba, ƴan'uwa: al'ummar da ta ce kowa ya yi abin da ya ga dama, ita ce ta koma tana rubuta dokar kunya, domin ta gane cewa titi na kowa ne.

Na biyu shi ne ɗan haya. Da masu gidaje suka ga baƙon kwana uku ya fi ɗan gari kawo riba, sai dubban gidaje suka koma masaukin ƴan yawon buɗe ido, kuɗin haya ya tashi, ƴaƴan gari suka fara barin unguwannin da aka haife su. Ranar 29 ga Yunin 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga a Malaga suna neman a bar musu garin da za su iya zama a cikinsa. A wannan shekarar hukumar garin ta yanke shawarar dakatar da rajistar sababbin gidajen baƙi a unguwanni 43.

Na uku shi ne ma'aikaci. Titin da matashin nan ya gani fes a hoto, wani ne ya wanke shi da asuba. Tiren da ke yawo tsakanin tebura, ƙafar wani ce ke ɗauke da shi har tsakar dare. Akwai mai wanke kwanoni a ɗakin girki, da mai gadi, da direba, da ma'aikaciyar asibiti da ke jiran wanda za a kawo a sume. Da yawa cikinsu baƙin haure ne daga Maroko da Latin Amurka da Afirka ta Yamma. Ba na musun cewa wannan kasuwa tana ciyar da gidaje masu yawa, kuma zalunci ne mai ƙoshi ya zagi wanda ke neman abincinsa. Amma adalci ya hukunta a faɗi cewa hutun wani gajiyar wani ce, kuma mai hutawa ba shi da ikon cewa bai shafi kowa ba.

Daga nan muke gane kuskuren da ke cikin tambayar farko. Malaga ba ta samu tsari don tana kwana rawa ba. Tana da tashar jiragen ruwa, da jami'a tun 1972, da unguwar masana'antun fasaha tun 1992, da hukumar da ke karɓar haraji ta gyara hanya. Shi kansa daren haja ce da ake shiryawa da rana, da lissafi da takarda, a sayar wa baƙo. Mai gidan rawa a farke yake da hankalinsa yana ƙirga riba. Wanda ya kwaikwayi mai saye ya bar mai tsarawa, ya yi wa rogo kallon kitse.

ABIN DA TARIHI KE CEWA

Malaga ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Ta yi ƙarni bakwai da ɗoriya a ƙarƙashin mulkinsu, ana kiranta Malaƙa. Ganuwar Alƙasaba da aka gina a ƙarni na 11 tana nan tsaye a saman gari, ana haska ta da fitilu kowane dare. A yankin ne aka haifi Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai da magunguna da ya rasu a Dimashƙa a 1248, da Imam Suhaili mai sharhin tarihin Annabi, wanda ya rasu a 1185. Matafiyi Ibnu Baɗuɗa ya ziyarce ta wajen 1350, ya yaba inabinta da ɓaurenta da tangaranta da masallacinta, kuma shi ɗin ne ya ratsa Takadda, a yankin Agadez na yau, a 1353.

A watan Mayun 1487 rundunar Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela ta kewaye garin. Mutanensa suka jure sama da wata uku har yunwa ta ci ƙarfinsu, suka miƙa wuya ranar 18 ga Agusta, aka bautar da mafi yawansu. A gurbin babban masallacin aka gina babbar majami'ar garin. Garnaɗa ta bi baya a 1492. Bikin Agusta da na ambata, asalinsa tunawa da wannan nasara ne, ko da yake mafi yawan masu rawa a cikinsa yau ba su da wannan a zuci.

Mun saba ji a wa'azi cewa kiɗa da annashuwa ne suka rusa Andalus. Amanar ilimi ta hana ni in sauƙaƙa maganar haka. Waɗanda suka tsare Malaga sun yi yaƙi har suka rasa abin ci. Abin da ya bar su ba mataimaki shi ne gidan sarautar Garnaɗa ya rabu biyu, Abu Abdullahi na faɗa da baffansa Zagal a kan karaga, maƙiyi na cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Son kai na shugabanni ya fi ganga ɓarna. Idan akwai dangantaka tsakanin wancan da maganarmu, ita ce wannan: al'umma kan lalace ne idan kowa ya ce daɗina tukuna, ko a fada yake ko a mashaya.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwo na wasu ne. A Marbeya, yamma da Malaga, inda aka buɗe tashar jiragen shaƙatawa ta Puwerto Banus a 1970, aka kuma buɗe masallaci a 1981, attajirai daga ƙasashen Musulmi suna cikin manyan masu kashe dukiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya kwana yana latsa salula a kan tabarmarsa har asuba ta wuce shi, da wanda ya kafa amsa-kuwwa a ƙofar gida ranar biki ya hana unguwa barci, ma'aunin da muka auna Malaga da shi bai tsallake su ba.

AMSATA GA MAI TAMBAYA

Ga abin da na ce wa matashin nan, kuma shi nake maimaitawa ga mai karatu. Ƙanena, kada ka raina mutanen nan, kada kuma su ruɗe ka. Ka ɗauki abin da suka yi daidai: girmama lokacin iyali, tsabtace wurin taruwa, da ƙarfin halin fitowa su ce an cuce su idan an cuce su. Ka bar abin da su kansu suke kuka da shi. Idan ka samu nishaɗi, ka yi masa tambaya uku kafin ka shiga: Shin halal ne a kansa? Shin zai mai da ni ga aikina da sallata, ko zai ɗauke ni daga gare su? Shin akwai wanda zai biya kuɗinsa da barcinsa ko mutuncinsa ko gidansa, alhali ba a shawarce shi ba? Abin da ya tsallake ukun nan, ka ji daɗinsa ba tare da ɗar-ɗar ba, ka gode wa Allah.

Mu kuma iyaye da malamai akwai namu nauyin. Ba ya wadatarwa mu ce wa matashi kada ka je can, alhali ba mu buɗe masa wata ƙofa ba. Rai yana buƙatar walwala kamar yadda yake buƙatar ruwa, kuma wanda aka hana rijiya zai sha daga kududdufi.

Allah Ya sa dararenmu su zama hutu gare mu da maƙwabtanmu, Ya sa safiyarmu ta same mu da abin da ba mu jin kunyarsa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.